Ina Lokacin Yake Tafiya Tsakanin Kiran 18 da Isowar Motar Kashe Gobara?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da war haka.

Iskar hunturu ta fara kaɗawa, kuma duk wanda ya daɗe a Yamai ya san abin da take zuwa da shi. Zana ta bushe, katako ya bushe, ana kwana da garwashi a ɗaki saboda ɗari, ga wayoyin lantarki a kasuwanni an jona wannan a kan wancan. Garin nan ya sha ganin wuta. Babbar kasuwa ta ƙone a 1982, sai a 1987 aka buɗe wadda muke shiga yanzu. Ƙaramar kasuwa ta bi sahu a 2012. A watan Mayun 2019 tankar mai ta fashe kusa da filin jirgin sama, mutum sama da 50 suka rasu. A watan Afrilun 2021 azuzuwan zana suka kama a unguwar Pays-Bas, muka rasa yara ƙanana kusan 20. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri.

Duk sa'ad da wuta ta ci gida ko rumfa, magana ɗaya ce a bakin jama'a: 'yan kwana-kwana sun zo a makare. Wani ya ƙara da cewa ko da suka zo ma, ruwan bai kai ko'ina ba. Ban ƙaryata mai wannan magana ba, domin wanda ke tsaye yana kallon guminsa na shekaru yana ci da wuta shi ya san tsawon minti ɗaya. Sai dai "sun makara" kamar mara lafiya ne ya ce wa likita "jikina ba daɗi" ya yi shiru. Gaskiya ya faɗa, amma da ita kaɗai ba a rubuta magani. Makara tana da wurin da take faruwa, kuma taswira na iya nuna mana wurin.

Mu fara daga wayar. Ku saurari irin kiran da mai ɗaukar lamba 18, lambar kiran 'yan kwana-kwana, yake samu da tsakar dare.

"Ɗana, ku taimaka, wuta ce, gidan maƙwabcinmu ne!"

"Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Wace unguwa?"

"Talaje, bayan masallacin Juma'a."

"Wane daga ciki, Hajiya?"

"Wanda ke kusa da gidan mai. In kun bar kwalta ku karya dama, wurin mai shayi, akwai babban dogon yaro."

Hajiya ba ta yi kuskure ba, haka dukanmu muke kwatance. Amma mai shayi ya tashi tun sha biyu, dogon yaro kuwa kowane lungu da nasa. Mota za ta fito ta nufi hayaƙi, ta shiga layin da ya toshe, ta ja da baya, ta tsaya tambayar samarin fada. Minti biyar ko goma sun tafi, ba a cunkoson hanya ba, a neman ƙofar gida.

A farkon shekarun 2000 an yi wa Yamai aikin lambobin titi. Har yanzu za ku ga allunan a jikin wasu katangu, harufa biyu da lamba: KK na Kwara Kano, YN na Yantala, PL na Filato. Aiki ne mai kyau, sai dai bakin mutane bai ɗauke shi ba, kuma gari ya yi wa aikin nisa. Ƙidayar 2012 ta sami mutum sama da miliyan ɗaya a Yamai, tun daga lokacin kuma sai faɗaɗa take ta wajen Kwara Tagi, Kubiya, Yamai 2000, Sagiya da bayan filin jirgi. Filin da bara gonar hatsi ce, bana gidaje ne da yara a ciki.

Saboda haka taswirar da ɗakin karɓar kira yake bukata ita ce wadda ta san gari da sunayen da mutane ke kiransa: masallatai, makarantu, gidajen mai, kantunan magani, injinan niƙa, tashoshin faba-faba, ƙofar gidan mai unguwa. Kowane wuri kuma a rubuta shi da dukkan sunayensa, domin Bahaushe da sunan da yake kiransa, Bazabarme da nasa, takardar hukuma kuma da na Faransanci. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kwamfuta ba ta san cewa Koira Tégui da Kwara Tagi wuri ɗaya ne ba sai an gaya mata. In ba ta gane abin da aka rubuta mata ba, sau da yawa ba ta cewa ban gane ba, sai ta dasa alama a tsakiyar unguwa ko tsakiyar gari, direba ya bi alamar da zuciya ɗaya. Masu wannan aiki sun san alamar wannan cuta: in aka zuba tsofaffin kiraye-kiraye a kan taswira aka ga ɗigo ɗari sun taru a wuri guda inda babu ko gida, to ba gobara ce ta yawaita a wurin ba, kwatance ne ya ɓace.

Wannan ya kawo mu ga abin da na fi so hukumomi su ji. A kowane barikin 'yan kwana-kwana ana rubuta fita da dawowa. Abin da ake bukata shi ne kowane kira ya samu lokutansa a rubuce, daidai da minti: sa'ad da waya ta shigo, sa'ad da aka tabbatar da wurin, sa'ad da mota ta bar bariki, sa'ad da ta isa, da sa'ad da ruwa ya fara zuba. A haɗa da ainihin wurin da motar ta tsaya, wanda wayar salula ta zamani ke iya ɗauka da kuskuren da bai wuce 'yan mitoci ba in tana sarari. A tara na shekara ɗaya ko biyu, a ɗora a kan taswirar gari, a ba kowane ɗigo launi gwargwadon jinkirinsa. Daga nan gardama ta ƙare. In jinkirin yana tsakanin shigowar waya da tabbatar da wuri, matsalar kwatance ce. In yana tsakanin umarni da fita, a duba bariki: mota ce ba lafiya, mai ne babu, ko ma'aikata ne suka yi kaɗan. In kuwa jajayen ɗigo sun taru a gefe ɗaya na gari, to nisa ne ko hanya, kuma ko an canza direba goma ba abin da zai sauya.

A Amurka ƙa'idar da ƙungiyar rigakafin gobara ta NFPA ta shimfiɗa wa ma'aikatan kashe gobara na birane ita ce motar farko ta isa cikin minti 4 na tafiya, bayan daƙiƙa 80 na shiri. Ban kawo wannan don in ce gobe Yamai ta kai can ba. Na kawo shi ne domin su sun yanke awo, suna gwada kansu da shi. Mu ma mu yanke namu, ko minti 10 ne ko 15, mu san unguwa nawa ke ciki, nawa ke waje.

Batun hanya kuwa, a nan taswira ta fi tona asiri. Wurin da ya fi kusa a ido ba lallai ya fi kusa a taya ba. Kogin Kwara ya raba garin biyu, gundumomi huɗu a wannan gaɓa, ta biyar a Harobanda, kuma gada uku ce ta haɗa su: ta Kennedy tun 1970, ta biyu da aka buɗe a 2011, da ta Janar Seyni Kountché a 2021. Wanda ya taɓa hawa gadar Kennedy da ƙarfe bakwai da rabi na safe ya san jiniya ba ta buɗe hanyar da babu gefen kaucewa. Ga kwarin Gunti Yena da ya ratsa gari. Ga layukan rairayi da babur ke wucewa a guje, mota mai ɗauke da tan-tan na ruwa kuwa ta kafe. Ga titunan Katako da Wadata da 'yan tebur suka cinye rabinsu da rana, da dare kuma su buɗe. Ga rumfar biki da ake kafawa a tsakiyar layi ranar Asabar da Lahadi. Da damina kuma wani garin ne daban: a 2020 da kogi ya cika ya fasa, Lamorde, Karaje, Kirkisoy da Saga sun zama sai kwalekwale. Taswirar da ba ta bambanta rani da damina ba, ko safiya da tsakar dare, za ta ba direba hanyar da ta fi gajarta a takarda ta kai shi inda zai tsaya cik.

Maganin wannan ba shi da tsada. A saka na'urar GPS, mai nuna inda mota take, a kowace motar kashe gobara. Cikin 'yan watanni sawun motocin da kansu zai nuna inda suke gudu, inda suke rarrafe, da inda suke juyowa. Da wannan ne za a zana iyakar inda kowane bariki yake iya kaiwa cikin minti goma, a ga giɓin da ya rage. In an tashi gina sabon bariki, ko ajiye mota ɗaya a wata unguwa lokacin hunturu, sai a bi giɓin, ba inda aka sami fili a sauƙaƙe ba.

Sai ruwa. Ku yi lissafin da kanku: mota mai lita 3000, tiyo mai fitar da lita 500 a minti ɗaya, minti 6 ta ƙare. Mutanen unguwa su ga kamar ta zo da rabin tanki, alhali iyakarta ke nan. Abin da zai ceci sauran gidajen shi ne inda za ta sake sha a kusa. Don haka kowane famfon kashe gobara na bakin titi ya kamata ya kasance a kan taswira, da ranar da aka gwada shi ta ƙarshe, da ƙarfin ruwansa. Wani rairayi ya binne shi, wani an gina shago a kansa, wani yana nan tsaye ba ɗigo. A ƙara da rijiyoyin burtsatse masu manyan tankuna na masallatai da makarantu, da wuraren da mota ke iya sauka bakin kogi. Ma'aikacin da ya san wannan tun yana hanya ba zai koma tsakiyar gari neman ruwa ba alhali akwai shi a layi na uku.

Masu iya aikin nan suna cikin garin. Akwai cibiyar taswira ta ƙasa, IGNN. Akwai sashen nazarin labarin ƙasa na Jami'ar Abdou Moumouni, da cibiyar AGRHYMET da ta daɗe tana aiki da hotunan tauraron ɗan'adam. Akwai matasa 'yan sa-kai da ke zana tituna da gidaje a OpenStreetMap, taswirar da kowa ke iya gyarawa, kuma manhajar QGIS da ake wannan lissafi da ita kyauta ce. Amma ɗalibi da kwamfutarsa ba zai san sunan da ake kiran lungu da shi ba. Wannan ilimin yana wurin mai unguwa, da ɗan kabu-kabu, da direban tasi, da ɗan ga-ruwa da ke tura kurarsa gida-gida. A haɗa su a zaure ɗaya, unguwa bayan unguwa.

A ƙasashen Turai, wayar zamani da kanta take aika wurin mai kira idan ya buga lambar gaggawa ta 112. Ya dace kamfanonin salula da hukumar da ke sa musu ido su zauna da 'yan kwana-kwana a kan irin wannan, da sharaɗin cewa ba a taɓa bayanin sai don ceto. Zai kuma rage ɓarnar masu kiran wasa, waɗanda ke tsare layi alhali wani na can yana ƙonewa. Kafin nan, lambar WhatsApp a ɗakin karɓar kira, wadda mutum zai tura wurinsa, za ta yi amfani. Sai dai kada a dogara da ita kaɗai. Hajiyar da muka ji ɗazu ƙaramar waya ce a hannunta, kuma irinta suna da yawa cikin masu kira.

Akwai tarko, kuma gara a faɗe shi tun yanzu. Taswira abin da aka ba ta take nunawa. Unguwar da mutanenta suka fid da rai, suka daina kiran 18, suka koma bokiti da rairayi, za ta fito fes a kan allo kamar wuta ba ta san ta ba. A shekarun 1970 birnin New York ya jingina da lissafin kwamfuta wajen rufe wasu rukunonin kashe gobara, kuma unguwannin talakawa irin su Bronx ta kudu suka sha wuta a waɗannan shekaru. Don haka gobarar da aka kashe ba tare da mota ba ita ma a rubuta ta, masu unguwa su riƙa kai rahotonta.

Akwai kuma wutar da ba motar da za ta riga ta. Ajin zana minti kaɗan yake ɗauka, kuma abin da ya faru a Pays-Bas ya sake faruwa a Maraɗi a watan Nuwamban 2021. A irin wannan, aikin taswira kafin wuta ne. A san kowace makaranta mai azuzuwan zana, da yawan ƙofofinta. A san inda ake sayar da gas da fetur na kwalba a tsakiyar gidaje, da kasuwar da layukanta ba su ɗaukar mota. Waɗannan wurare a riƙa kai musu ziyara da rana tsaka, lafiya lau, ana auna faɗin ƙofa.

Roƙonmu ga ma'aikatar magajin gari da hukumar kare fararen hula shi ne a fara da gunduma ɗaya a wannan hunturu, a ɗauko littattafan fita na shekara biyu da suka wuce, a ɗora su a taswira, a bayyana wa jama'a abin da aka gani. Ku kuma masu sauraro, a daren nan ku zauna da iyali ku tsayar da kwatancen gidanku: sunan unguwa, babban wuri ɗaya da ba ya tashi, da hanyar da babbar mota za ta iya bi. In an kira 18, a tura yaro mai wayo bakin kwalta da tocila ya tarye su.

Sai wani jiƙon, ku huta lafiya.