Kafin ranar suna, wa ke duba mai jego?

Wannan lacca ce da wata ungozoma ta yi wa mata da mazajensu a Aboabo, nan Kumasi, aka ɗauka a waya, ni kuma na zauna na rubuta dan waɗanda basu samu zuwa ba.

Assalamu alaikum iyayena mata, malamai, ƴan uwa. Ina godiya da maza suka zauna basu tafi ba, dan rabin maganar nan taku ce.

Mutane da yawa sun ɗauka aikin ungozoma shi ne ranar naƙuda kawai, ta karɓi jariri ta yanke cibi shikenan. Wallahi ba haka bane, aikinmu daga ranar da mace ta gane tana da ciki yake farawa. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin ta haihu, na farkon kuma a cikin wata ukun farko. Amma mu a zango sai ciki ya kai wata shida ko bakwai sannan a zo awo, wai kar mutane su sani, ana tsoron baki. To Hajiya ki ɓoye wa maƙwabta in kina so, amma kar ki ɓoye mana. A awon nan ne muke auna hawan jini, mu duba fitsari, mu ga ko jininki ya isa, mu baki ƙwayar ƙarin jini, allurar tetanus, gidan sauro, da maganin nan SP na kare ki daga maleriya wanda ake sha a gabanmu in ciki ya kai wata huɗu. Kuma tun Yulin 2008 gwamnatin Ghana ta sa awo da haihuwa cikin inshorar lafiya kyauta, mai ciki ko rajista ba ta biya. Na sani wani lokacin ana cewa sayo kaza sayo kaza, gaskiya ne, amma bai kai kuɗin da za a kashe ba in abu ya ɓaci.

Ranar haihuwa bazan daɗe a kai ba. Abu ɗaya zan faɗa, da jariri ya fito akwai allurar da muke yi wa uwa a cinya, oksitosin, ita ke sa mahaifa ta tsuke jini ya tsaya. Wadda ta haihu a ɗaki bata samun wannan, kuma zubar jini bata jira, mace lafiyayya cikin awa biyu zata iya tafiya. In abin ya fi ƙarfinmu muna turawa babban asibitin Komfo Anokye, wato Gee, dan haka maigida tun ciki na wata bakwai ka san motar da zaka kira da tsakar dare, ka san waye a dangi zai iya bada jini, lambar ambulan kuma 112 ce.

Yanzu ga inda nake so mu tsaya sosai. An haihu lafiya, an sallame ku, an dawo gida. Daga nan hankalin kowa sai ya koma kan suna, ana maganar rago, ana ɗinkin anko, ana ta shigowa barka kowa ya ɗauki jariri ya ce tubarkalla, ita kuma mai jegon tana kwance a gefe kanta na sara mata kamar zai tsage amma bata faɗa ba dan kar a ce raki gareta. Alhali kwanakin nan na farko su ne mafi haɗari gareta da jaririn. Hawan jinin ciki baya tafiya dan an haihu, yana iya tashi bayan kwana uku ko biyar ya kawo jijjiga, sai a ce iska ce a kama hayaƙi da rubutu. A yi addu'a, nima ina yi, amma a yi ta a cikin mota ana hanyar asibiti, dan akwai allurar magniziyam da ke tsayar da jijjigar.

Dan Allah ku riƙe waɗannan, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska, jinin da ke jiƙa pad cikin awa ɗaya ko gudaji manya, zazzaɓi da wari daga gaba, numfashi sama-sama. Ko ɗaya aka gani ba a jira gari ya waye. Ko ba komai ma, muna so mu ga uwa da jariri a cikin kwana biyun farko, sannan wajen sati ɗaya, sannan sati shida.

Iyayena, maganar wankan jego da kunun kanwa, ku yi haƙuri sai na taɓa. Likitoci a Zariya tun shekarun 1970 suka lura mata da yawa na samun ciwon zuciya bayan haihuwa, suka danganta shi da yawan kanwa da kwanciya kan gadon wuta. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, mai hawan jini kuma ita ce ta fi cutuwa. Ku yi mata wanka da ruwan ɗumi, ku bata koko, tuwo da miyar ganye, kifi, ƙwai, ku ɗauke mata aiki ta yi barci. Wannan kulawar taku babu asibitin da zai iya yinta.

Jariri kuma, dakashi wato nonon farko mai rawaya-rawaya, kar a matse a zubar, shi ne rigakafinsa na farko. Nono zalla har wata shida, ko ruwa ba a haɗawa. Cibi kar a sa toka, man goge baki ko man kaɗe, akwai maganin da muke bayarwa a shafa. In idonsa ya yi rawaya, ko ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi, a kawo shi ranar.

Na san wasunku sun daina zuwa dan an taɓa daka musu tsawa a ɗakin haihuwa. Wannan ba daidai bane, kuma kuna da haƙƙin kai ƙara wajen shugabar sashen. Amma ki dawo ƴar uwa, ki zo da littafin awonki, in kin zo na sati shida mu zauna mu yi maganar tazarar haihuwa ke da maigidan. To mai tambaya ya ɗaga hannu, a miƙa masa makirfon.