Yawon Ƙafa a Kuala Lumpur: Zafin Can Daban Ne

Assalamu alaikum jama'a. Bakatsinen da ya sha ranar Afrilu a Ƙofar Ƙaura gani yake babu zafin da zai ba shi tsoro. To, in Allah ya kai shi Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya, sai ya sake lissafi. Namu zafin busasshe ne, gumi na fita iska na shanyewa. Can kuwa iskar ce da kanta a jiƙe. Ma'aunin zafi yakan tsaya wajen digiri 32 ko 33, amma kafin ka yi tafiyar minti goma riga ta manne maka a baya. Shadda mai sitati dai a bar ta a jaka sai ranar Juma'a.

Saboda haka da sassafe ake fita. Fara daga Masjid Jamek, masallacin da aka buɗe a 1909, daidai inda kogin Klang da na Gombak suka haɗu. In ka je, dubi launin ruwan. Daga nan birnin ya samo suna, don Kuala Lumpur na nufin mahaɗar ruwa mai laka.

Taku kaɗan sai dandalin Merdeka, inda aka ɗaga tutar 'yancin kai a ranar 31 ga Agusta, 1957. Ga ginin Sultan Abdul Samad can da hasumiyar agogonsa, tun 1897 yake tsaye.

A nan fa a yi hattara da titi. Motocinsu ta hagu suke bi, yadda Najeriya take kafin 1972. Ido ya saba duba hagu tukuna, alhali mota ta dama za ta ɓullo maka. Dama za ka fara dubawa.

Kafin azahar ka ƙarasa Masjid Negara, babban masallacin ƙasa na 1965, mai rufi kamar buɗaɗɗiyar laima. Hasumiyarsa mita 73 ce, wato ka ɗora hasumiyar Gobarau ta Katsina kusan biyar a kan juna. Yi salla, ka miƙe ƙafa a kan sanyin daɓen.

Da la'asar hadari kan haɗu ba sallama, a tsuge da ruwa da tsawa. Mutanen gari ba sa gudu, rumfar mai shayi suke faɗawa. Nemi teh tarik, shayi da madara da ake zubawa daga wannan kofi zuwa wancan har ya yi kumfa. Mai shayin unguwarku ma ya iya wannan.

Tagwayen benayen Petronas kuwa a bar su sai bayan magariba. Hawa 88 kowanne, tsayi kusan mita 452. Daga unguwar kasuwanci ta Bukit Bintang akwai rufaffiyar gadar masu ƙafa da za ta kai ka kusa da gindinsu, ko ana ruwa ba za ka jiƙe ba.