Na je bikin Paro Tshechu a ƙasar Butan, ga abin da idona ya gani

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka, da fatan kowa yana lafiya. Yau dai ba daga Indiya nake muku magana ba kamar yadda kuka saba, ina wani gari da ake kira Paro a ƙasar Butan, wata 'yar ƙaramar masarauta da ke maƙale cikin tsaunukan Himalaya tsakanin Indiya da Chaina, mutanenta kaf ba su kai miliyan ɗaya ba. Ku yi haƙuri da hakin da kuke ji ina yi, garin yana sama da mita 2,200 daga teku, ga hawa, ga kamara a hannu, ga iskar nan ba ta cika ƙirji yadda mutum ya saba.

Daga Delhi na taso, kuma duk mai zuwa ta nan ya roƙi kujerar taga ta ɓangaren hagu saboda idan gari ya yi garau za ka hango Everest da idonka. Saukar jirgin kuwa wallahi sai da na karanto duk addu'ar da na iya, jirgi ne yake kutsawa tsakanin duwatsu yana karkacewa, kana hango gidajen mutane a gefen fiffike kamar za a taɓa su, shi ya sa ba kowane matuƙi ake bari ya sauka a nan ba sai wanda aka yi wa horo na musamman.

Toh bari in fara da maganar kuɗi tunda na san ita za ku cika min kwament da ita. Biza dala 40 ce. Bayan ita akwai wani haraji da gwamnati take karɓa daga kowane baƙo, dala 100 a duk daren da ka kwana a ƙasar, kuma fa ba kuɗin otal ba ne, ba na abinci ba, ba na mota ba, na kasancewarka a ƙasar ne kawai. Da ma dala 200 ne, a 2023 aka rage shi. 'Yan Indiya su rupi 1,200 suke biya, amma kada ɗalibanmu na can su yi murna, fasfo ake dubawa ba takardar zama ba. Sun ce da kuɗin ake tallafa wa asibiti da makaranta da kula da daji, kuma da gangan suka tsawwala don ba sa son a cika musu ƙasa, sai 1974 ma suka fara barin 'yan yawon buɗe ido su shigo. Talabijin kuwa sai 1999.

Ga gaid ɗina nan, wato ɗan rakiyar da ke zagayawa da ni yana min bayani, ya ce kada in haska fuskarsa sosai, kunya gare shi. Ku dubi kayan jikinsa, wannan riga mai kama da alkyabba da aka naɗe ta tsaya a gwiwa aka ɗaure da ɗamara sunanta gho, ga doguwar safa, ga wani farin mayafi da ya rataya daga kafaɗar hagu wanda suke kira kabney, ba ya shiga wurin nan sai da shi. Fari na talakawa ne, ruwan ɗorawa kuma na sarki ne da babban shugaban addininsu kaɗai. A gaban rigar yake zuba komai nasa, waya, makulli, takardun izinina, har da kofi na gani ya zaro daga ciki. Tun a mota ya gaya min dokokin, riga mai dogon hannu, dogon wando, sannan idan za mu shiga cikin ginin sai na cire hula, ni da hulata ba ta rabuwa da kaina, haka na naɗe zanna bukar ɗina na tura a jaka. Diron ma, ɗan jirgin nan marar matuƙi mai ɗaukar hoto, ya ce in manta da shi.

Wannan gadar katako mai rufi da muke takawa a kan kogin Paro take, shi kuma wancan ƙaton farin ginin da ke sama shi ne Rinpung Dzong, an gina shi wajejen 1646 zamanin Zhabdrung Ngawang Namgyal, mutumin da ya haɗa kan ƙasar. Rabi ofisoshin gwamnatin gunduma ne, rabi kuma mazaunin 'yan zuhudun Buda masu jajayen kaya. Ranar farko ta bikin a tsakar ginin ake yi, sauran ranakun a wani fili da ke gefensa, kwana biyar ake yi duka, a wata na biyu na kalandarsu, wanda yake faɗowa a Maris ko Afrilu.

Kun ji wannan ƙarar? Tsaya in juya kamara. Wasu dogayen ƙahoni ne na ƙarfe, dungchen, saboda tsayi sai an jingina bakinsu a ƙasa, ga wata kuma 'yar gajera mai siririyar murya, wallahi da na rufe ido sai na rantse kakaki da algaita ne a ƙofar fada sarki zai fito. Sai dai waɗannan ba sarki suke yi wa ba.

Nan ne fa na gane amfanin kuɗin gaid. Idan kai kaɗai ka zo abin da za ka gani kawai mutane ne sanye da fuskokin katako suna juyi, ka ɗauki bidiyo minti goma ka gaji ka tafi neman shayi, don rawar a hankali ake yinta, ɗaya tana iya cin awa guda ko fiye, ƙafa ɗaya a ɗaga a juya a sauke, a sake. Amma shi yana gefena yana raɗa min, wannan masu baƙaƙen hulunan nan masu faɗi tsarkake filin suke yi a imaninsu, suna korar miyagun iskoki, waɗancan masu fuskar ƙoƙon kai masu gadin wurin ƙona gawa ne, masu ganguna da fuskokin dabbobi kuma rawar Drametse ce daga gabashin ƙasar, har UNESCO ta sa ta cikin kayan gadon duniya. Duk bikin don girmama wani malaminsu ake yi, Guru Rinpoche, wanda ya kawo addinin Buda yankin nan a ƙarni na 8. Wato dai abin ba wasan sallah ba ne da aka shirya wa turawa su ɗauki hoto, ibada ce a wurinsu, sun yi imani kallon ma kansa lada ne. Ku dubi tsohuwar can, tun safe take zaune a ƙasa da carbinta a hannu ɗaya, ɗaya hannun tana juya wani ɗan ƙaramin abu mai kama da gwangwani a kan sanda, bakinta yana motsi, ko kallon kamarorinmu ba ta yi.

Wadda ta fi tsaya min a rai ita ce ta rana ta huɗu, Raksha Mangcham, rawar shari'ar matattu. An fito da wani ƙaton mutum-mutumi mai jar fuska mai ban tsoro, shi ne alƙalin matattu a wajensu, aka zaunar da shi, a hannunsa akwai madubi wanda suka ce duk abin da mutum ya aikata yana fitowa a ciki. Sai aka jawo wani mafarauci cikin baƙaƙen kaya yana tirjewa, yana neman hanyar gudu masu fuskar dabbobi suna taro shi, jama'a na ta dariya. Wani farin mai ceto yana kawo ɗan alherin da ya taɓa yi, wani baƙin dodo mai gashi buya-buya yana tsalle yana lissafo zunubansa, ana auna fararen tsakuwa da baƙaƙe a sikeli, baƙaƙen suka rinjaya, aka shimfiɗa baƙin ƙyalle aka ja shi a kai. A nan kam dariyar ta ɗauke, na ga wata uwa ta kamo kan ɗanta ta juyo da shi wai ya kalla da kyau. Bayan shi aka kawo mutumin kirki, shi farin ƙyalle aka shimfiɗa masa. Gaid ya ce min dalilin da ya sa ake so kowa ya kalli fuskokin nan tun yana raye shi ne don kada ya firgita idan ya gamu da su bayan mutuwa, ya gane su. Ni dai na ce masa mu ma a Musulunci akwai hisabi da awon ayyuka, amma namu ba a siffanta shi da surori kuma babu maganar sake dawowa duniya a wani jikin, ya gyaɗa kai ya ce ya sani, ya taɓa raka baƙi daga Malesiya. Iyakar muhawarar kenan, ba wanda ya ja.

Akwai kuma waɗannan 'yan barkwanci masu jar fuska da ƙaton hanci, atsara, su ba su da wanda suke ragawa, suna kwaikwayon masu rawa, suna tsokanar 'yan mata, suna zama a cinyar turawa, suna karɓar kuɗi. Wani abu na katako da suke yawo da shi suna ɗora wa mutane a ka, toh wannan ba zan nuna ba kuma ba zan faɗi sunansa ba, akwai iyayenmu da ke kallon tashar nan, na yanke wajen. Su a wurinsu tsari ne daga mugun baki da kambun ido. Amma kuma ku lura, idan ɗamarar mai rawa ta kwance ko fuskarsa ta karkace, su ɗin ne suke rugawa su gyara masa cikin wasa ba tare da an tsayar da kiɗa ba, don sun haddace rawar duka. Ɗaya ya hango ni, da yake ni kaɗai ne baƙar fata a layinmu, ya zo ya tsaya yana gwada tsawonsa da nawa, sai da na ba shi ngultrum 100 ya rabu da ni. Kuɗinsu kenan, darajarsa ɗaya da rupi.

Maganar abinci, 'yan uwa Musulmi ku buɗe kunne. Suna cin alade sosai, naman shanun ma akasari daga Indiya ake shigo da shi kuma ba ka san yankan waye ba, don haka ni na ce wa gaid tun farko ganye kawai, shi yake shiga kicin ya yi musu bayani da yarensu. Abin da nake ci kenan, jar shinkafa da ema datshi, barkono ne zalla aka dafa da cuku, barkonon shi ne miyar ba wai ɗanɗano aka sa ba, ni da nake taƙamar cin yaji sai da hancina ya zubo. Akwai na dankali, kewa datshi, shi ya fi sauƙi. Shayinsu suja da man shanu da gishiri ake yi, kurɓa ta farko za ka ɓata fuska, da sanyi ya kama ka da kanka za ka miƙa kofi a ƙara. Idan aka miƙo maka wani farin ruwa ana cewa ara, giya ce, ka ce kadrinche la ka wuce. Sallah kuma a ɗakin otal nake yi, alƙibla a nan yamma take, ka duba waya kafin ka shimfiɗa darduma.

Toh yanzu ƙarfe uku da wani abu na dare ne, ranar ƙarshe, ku yi haƙuri da duhun hoton da karkarwar hannuna. Dubi layi, tun daga gada har sama mutane ne da yara a goye da barguna. Abin da suka zo gani shi ne thongdrel, wani makeken ƙyalle na alharini da aka ɗinka hoton Guru Rinpoche a kai, ɗinki ne fa ba fenti ba, girmansa ya rufe bangon bene sukutum, mutane da yawa ne suka ɗauko shi a naɗe a kafaɗa. Sau ɗaya ake fito da shi a shekara, kuma dole a naɗe shi kafin hasken rana ya taɓa shi. Sun yi imani ganinsa kawai yana wanke zunubi, shi ya sa kuke ganin suna bin layi suna kai goshi ga gefen ƙyallen, ga fitilun man shanu a jere a gabansa.

Gaid ya tambaye ni ko zan jira shi, na ce je ka abinka. Ni ga ni nan a gefe, ba zan shiga layin ba, addinina bai ba ni ba, kuma babu wanda ya harare ni ko ya ce don me. Abin da na ga ya fi ɓata musu rai shi ne wasu baƙi da ke kutsawa gaban tsofaffi da dogayen kamarori suna haska musu filashi a ido, ɗazu ɗan sanda ya mayar da wasu baya. Idan ka zo, ka nemi gefe ka tsaya, ka tambaya kafin ka ɗauki fuskar mutum, cikin ɗakunan ibada kuwa kamara ba ta shiga sam.

Masu niyya na baɗi, ku kama otal da tikiti watanni kafin lokaci don kamfanonin jirage biyu ne kawai suke zuwa, Drukair da Bhutan Airlines, kuma lokacin biki garin cika yake yi maƙil, ku duba kwanan watan da kyau tunda yana canzawa duk shekara, ku taho da rigar sanyi mai kauri da abin shimfiɗa na zama. Gobe in Allah ya kai mu za mu hau Taktsang, wancan gidan ibadar da ke manne a jikin dutse mita 900 sama da kwarin nan, gaid ya ce akwai doki har rabin hanya amma saukowa da ƙafarka ne, ku taya ni da addu'a saboda gwiwar nan. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, ku danna sabskiraib.