Neman takarda a biron gwamnati: kwana nawa, nawa za ka biya?

Jama'ar Damagaram, salamu alaikum. A ce an yi alkawarin gyara famfon unguwarku, a Birni ko Zango, shekara ta zagayo, mata suna nan suna bin layi da jarka. Kana son ka ga kuɗin da aka ware wa aikin. Kana da ikon tambaya? Kana da shi, a rubuce ma.

Ranar 23 ga Fabrairu 2011, zamanin riƙon ƙwaryar Janar Salu Jibo a Nijar, aka sa hannu a kan doka mai lamba 2011-22, wadda ta ba ɗan ƙasa damar ganin takardun hukuma: rahoto, kasafin kuɗi, shawarar da aka yanke a zama. Akwai waɗanda ba a bayarwa, kamar sirrin tsaron ƙasa, da abin da ya shafi rayuwar wani, misali takardar likitarsa.

To ga inda mutane da yawa suke faɗuwa. Sai mutum ya je, ya gaisa da sakatare, ya faɗi buƙatarsa da baki, a ce masa "komo jibi, mai sa hannu ya yi tafiya". Jibi ta zama wata. Maganar baki ba ta barin sawu, malam. Rubuta wasiƙa, ka faɗi takardar da kake nema ƙarara: wace ce, ta wace shekara, ta wane aiki. Idan faransancin ya gagara, nemi mai rubuta maka. Ka yi fotokopi, ka miƙa ɗaya, ɗayar kuma ka roƙi a buga mata hatimi da kwanan wata, ka koma gida da abarka. Wannan hatimin shi ne shaidarka, da shi za ka ƙirga kwanaki.

Dokar ta ba hukuma kwana 15 ta amsa. Ƴan jarida da masu bincike kuwa kwana 5. Ko za a cika wa'adin? Hmm, wannan kuma wata magana ce. Amma idan kwanakin suka wuce shiru, ko aka hana ka, sai ka rubuta wa shugaban da ke sama da wanda ya hana, ka haɗa da fotokopin nan mai hatimi. In ta ƙi, akwai kotu.

Sai batun kuɗi. Zama a biron ka karanta takarda kyauta ne, ko dala ba ka biya. In kana son tafiya da kwafi, kuɗin fotokopi ne kawai a kanka. Duk wanda ya ce ka kawo jika biyu "na goro" don a hanzarta, ka ce masa cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, a ba ni rasit." Yawanci daga nan maganar goron take mutuwa.