Lacca: Sankarar Nono Mai Shigar Burtu

To, bismillah. Na baya kuna ji na? Madalla. Abu uku zan faɗa kan wani reshe da ba a cika gani ba na sankarar nono ta lobular, wato mai alaƙa da ƙananan jakunkunan da ke samar da ruwan nono, wanda ake kira histiocytoid.

Na farko, lobular ɗin da kuka saba gani, wadda take kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na sankarar nono mai kutsawa. Ƙwayoyi ƙanana, ba sa manne wa juna, suna jerin gwano cikin tsoka ko su kewaye bututun nono zobe-zobe, saboda E-cadherin, furotin da ke manne ƙwayoyi da juna, ya ɓace bayan CDH1, ƙwayar halittar gado da ke samar da shi a kan kuromosom 16, ya lalace. Kun karanta wannan, mu wuce.

Ita histiocytoid ba haka take zuwa ba. Ka ɗora gilashi a maikiroskof, sai ka ga manyan ƙwayoyi, jikinsu fari-fari mai kumfa ko ɗan burbushi, nukiliyas a natse, da ƙyar ka sami mai rabuwa. Sak macrophage, ƙwayar garkuwar jiki mai cinye datti. Nan ne likita mai gaggawar tashi yake rubuta "kumburi" ko "mutuwar kitse", mara lafiya ta koma gida da murna. A 1973 Hood da abokan aikinsa suka fara bayyana ta, kuma a fatar ido suka gan ta, bayan ta riga ta yaɗu. Fatar ido fa! Don haka duk ƙwayar kumfa da ka gani a nono, babu tarihin rauni, tiyata ko ƙurji, ka sa rinin cytokeratin, mai nuna ƙwayoyin shimfiɗa (epithelium) irin waɗanda sankarar nono ke fitowa daga cikinsu, nau'insa AE1/AE3 ya isa. Na ce ka sa cytokeratin. Macrophage ba ya ɗaukarsa, ita tana ɗauka. Wani zai ce ai CD68, rinin da ke nuna macrophage, ya wadatar. Bai wadatar ba, domin wani lokaci yakan ɗan taɓa ƙwayar sankara ya ruɗe ka. Dakta na gaba yana murmushi, da alama CD68 kaɗai ke cikin firjinsu. Idan cytokeratin bai ci ba, kuma burbushin ya yi yawa, ka tuna granular cell tumour, wani ƙari daban mai ƙwayoyin burbushi, ka nemi rinin S100 da SOX10 masu nuna shi. Idan ya ci, ƙara rinin GCDFP-15 (wani furotin na nono) da androgen receptor (makarɓar homon namiji), yawanci suna ci, ER (makarɓar homon mace, estrogen) kuwa sau da yawa ba ya ci, saɓanin lobular ta gama-gari.

Na uku... na biyu ke nan ko? To, E-cadherin. Kafin ka ce ya ɓace, duba lafiyayyen bututu a gilashin. In shi ma bai yi ruwan ƙasa a gefen ƙwaya ba, rininka ne ya mutu. Kuma kusan kashi 15 na lobular suna riƙe shi, a guntu-guntu. Sai ka nemi p120, furotin abokin aikin E-cadherin: a lobular yana zubewa cikin jikin ƙwaya, a ductal, wato sankarar bututun nono, yana tsayawa a gefe. Na'am, Hajiya?

Mai tambaya: Malam, idan tsokar daga asibiti mai nisa ta zo, nono guda a bokiti da fomalin, ruwan adana tsoka, ɗan kaɗan fa?

Yauwa, wannan ya fi na ukun da na shirya. Fomalin a hankali yake ratsawa, gefe ya kamu, tsakiya ta ruɓe, kuma a tsakiyar ƙarin yake. ER zai fito babu, E-cadherin babu, duk ƙarya. Ku gaya wa masu tiyata: cikin awa 1 da cirewa tsoka ta shiga fomalin mai kashi 10, yawansa ya ninka tsokar sau goma, a yanka ta tsakanin milimita 5, ta zauna awa 6 zuwa 72, a rubuta lokacin a takarda. Wadda ta riga ta lalace kuwa, ki ɗauko daga gefen da ya kamu, ki rubuta a rahoto cewa ER ɗin ba abin dogaro ba ne, in akwai ɗan tsokar allura ta farko a maimaita gwajin a kanta.