'Yan Girka da Shagunan Boga a Amurka

Assalamu alaikum. Malamai, iyaye da ɗalibai, barkanmu da warhaka.

Batunmu na yau wani mutum ne da za ku samu a garuruwan Amurka da dama: ɗan Girka tsaye gaban wuta tun asuba, yana juya naman boga, wato niƙaƙƙen naman da ake gasawa a sa tsakanin burodi. Matarsa na karɓar kuɗi, 'ya'yansa na goge tebura bayan an tashi makaranta. Abin da nake so ku riƙe shi ne, jarin wannan shago ƙarfin iyali ne kafin kuɗi.

Daga wajajen 1890 zuwa 1924, dubban ɗaruruwan 'yan Girka sun ƙetara teku. Kasuwar busasshen inabi ta karye a yankin Feloponis na kudancin Girka, ƙauyuka suka shiga matsi. Yawancin masu tafiyar samari ne, kuma da yawansu sun fita ne don tara abin aurar da ƙannensu mata, domin a al'adarsu gidan amarya ne ke ba da dukiyar aure.

Ba da girki suka fara ba. A jihar Yuta, haƙar tagulla suka yi a Bingham Canyon, da aikin layin dogo. Akwai wani ɗan ƙasarsu, Leonidas Skliris, dillalin lebura, wanda sai ka biya shi kafin ka samu aiki. A yajin aikin 1912 ma'aikata, musamman 'yan tsibirin Kirit na Girka, suka dage sai an raba su da shi, kuma aka raba su. Ga kuma ƙyamar baƙi: a 1909 gungun mutane suka afka wa unguwar 'yan Girka a Omaha ta Kudu, suka kore su. Wanda ya ɗanɗani wannan, jama'a, babu abin da yake so kamar ya zama mai gidan kansa.

To me ya sa abinci? Sayar da abinci ba ya neman takardar makaranta, ba ya neman Turanci mai yawa. Sabon zuwa yakan fara da wanke kwanuka a shagon kawunsa, ya koma yankan albasa, sannan a ba shi wuta. Bayan wasu shekaru dangi su haɗa masa abin buɗe nasa, kamar yadda ubangida ke sallamar yaronsa a kasuwanninmu. A Detroit, Gust Keros ya kafa shagon abinci mai suna American Coney Island, ɗan uwansa ya buɗe Lafayette a jikin katangarsa, kuma har yau mutanen garin na gardamar wanne ya fi.

Dokar shige da fice ta Amurka ta 1924 ta kusan rufe ƙofa, ta 1965 ta sake buɗewa. Sababbin zuwa, waɗanda suka taso cikin ƙuncin da yaƙin basasar Girka na 1946 zuwa 1949 ya bari, suka tarar da hanya a share. A 1978 wasu dangi 'yan Girka suka buɗe shagon boga mai suna Crown Burgers a Salt Lake City, babban birnin jihar Yuta. Ku dubi bogarsu: nama gasasshe a kan harshen wuta, a ɗora cuku ya narke, sannan a jibga siraran yankan fastirami, naman shanu da aka jiƙa a gishiri da kayan yaji aka turara da hayaƙi. Ba abincin Girka ba ne. Abin da mai saye ke so suka dafa, nasu na gida, irin su tsiren sublaki da baklawa, wani kayan zaƙi, suka ajiye a gefen jerin abinci.

Nan ne abin ke taɓa ni. Shagon yana tsayawa ne saboda akwai hannayen da ba a biya. Uwa ta tsaya daga safe har dare ba albashi. Yaro ya yi aikin makaranta a tebirin ƙarshe, a kira shi ya kwashe faranti, ya dawo ya ci gaba. Uba kuwa ƙafa ta kumbura, hannu duk tabon mai. Idan muna yabon nasarar baƙi, a ganina ya wajaba mu sa waɗannan matan da yaran a lissafi.

Kuma yawancin iyayen ba su so 'ya'yansu su gaji wutar ba. Ribar boga ce ta biya kuɗin jami'a, aka samu likitoci da lauyoyi. Shi ya sa shaguna da dama aka sayar ko aka rufe da maigida ya tsufa. A waɗanda suka rage, sau da yawa sunan Girka ne a allo, amma mai tsaye gaban wuta ɗan Meksiko ne ko ɗan Amurka ta Tsakiya.

Masu tambaya, bismillah.