Babbar Riga Ko Kwat? Abin Da Ake Sawa Aci Abinci A Jirgin Ruwan Shaƙatawa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau maganar jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa zamu yi, irin manya manyan nan da suke ɗaukar dubban mutane su zaga dasu teku sati ɗaya ko sati biyu, amma ba maganar kuɗin tikiti ko biza ba, maganar kaya. Me zaka sa idan lokacin cin abincin dare yayi, me zaki sa, kuma wane irin kaya ne zai sa a tsayar da mutum a bakin ƙofar ɗakin cin abinci ace ranka ya daɗe ɗan koma ka canza.

Abu na farko da nakeso ku riƙe shine babu wata doka guda ɗaya da ta hau kan duka jirage, kowane kamfani da tsarinsa, kuma bambancin yanada yawa sosai.

Mu fara da waɗanda suka fi kowa tsanani, wato Cunard. Kamfanin Ingila ne tsoho, tun 1840 suke tsallaka tekun Atlantika, kuma sune keda Queen Mary 2, jirgin da har yau yake zirga zirga tsakanin Southampton da New York, tafiyar dare 7. A jiragensu da zarar ƙarfe 6 na yamma tayi toh shikenan kayan rana sun ƙare a mafi yawan wuraren jirgin, namiji ya sa riga mai kwala da dogon wando mai kyau, mace ta sa doguwar riga ko wasu kayan fita na mutunci. Sannan akwai dararen da suke kira daren gala, yawanci sau biyu a irin wannan tafiyar ta sati ɗaya, anan ne zakaga maza cikin baƙar kwat da farar shat da taye, mata cikin dogayen riguna har ƙasa, wani daren ma har kala ake zaɓa, ace yau baƙi da fari, wani daren ja da ruwan gwal. Wanda kuma baya ra'ayin wannan kwalliyar babu wanda zai barshi da yunwa, akwai wajen bufe, wato inda ake jera abinci kowa ya ɗiba da kansa, a Queen Mary 2 sunansa Kings Court, da wasu 'yan wurare da aka ware masa, amma babban ɗakin cin abinci a wannan daren sai wanda yabi tsari.

Toh daga ina abun ya samo asali? Daga zamanin da jirgin ruwa shine kawai hanyar zuwa Amurka daga Turai. Masu kuɗin wancan lokacin ko a gidajensu sai sun canza kaya kafin abincin dare, da suka hau jirgi sai suka taho da al'adarsu, a Titanic a 1912 har mai busa ƙaho akwai wanda yake sanar da 'yan ajin farko cewa lokacin abinci yayi. Kuma tun wancan zamanin akwai wata al'ada da har yau tana aiki, daren farko da daren ƙarshe ba'a tsananta kwalliya. Dalilin a fili yake, ranar farko akwatinka ba a hannunka yake shiga jirgi ba, ma'aikata ne suke kawo maka shi ƙofar ɗaki kuma zai iya kaiwa yamma bai iso ba, daren ƙarshe kuma ka riga ka haɗa kaya ka ajiye akwatin a bakin ƙofa an ɗauka. Shiyasa ranar shiga jirgi ka riƙe 'yar jaka a hannu da kaya kala ɗaya masu kyau da maganinka da takardunka, kar ka zuba komai a babban akwati.

Ɗaya gefen kuma akwai Norwegian Cruise Line, su a shekarar 2000 suka fito da tsarin da suka sawa suna Freestyle, ba lokacin cin abinci na dole, ba tebur na dole, ba daren kwat na dole. Virgin Voyages ma haka, jiragensu na manya ne kawai daga shekara 18 zuwa sama, basa tilastawa kowa kwat, sai dai sunada wani dare da ake cewa Scarlet Night da kowa yake neman jan abu ya sa.

Mafi yawan jiragen da mutum zai iya hawa kuwa a tsakiya suke. Carnival sun raba darensu biyu, na yau da kullum da kuma wanda suke cewa Cruise Elegant, gajeriyar tafiya sau ɗaya ake yinsa, idan tafiyar ta kai kwana 6 zuwa sama sau biyu. Royal Caribbean, masu jirgin Icon of the Seas da ya fara aiki a 2024, suma tafiyar sati ɗaya yawanci dare biyu ne na ado. Celebrity sun ajiye tsohon tsarin kwat da taye sun koma wani mai sauƙi da suke kira Evening Chic, inda ko jins mai kyau zaka iya sawa da riga mai kyau. MSC kuma, waɗanda suke tashi daga Durban a Afirka ta Kudu su nufi gaɓar Mozambik, banda daren gala sunada daren fararen kaya, toh in zaka hau nasu ka saka farin yadinka a akwati tun daga gida.

Yanzu ga inda nafi so mu tsaya, saboda shine tambayar da ta shafe mu. Dole ne Bahaushe ya je ya sayi kwat da taye kafin ya shiga daren gala?

A'a, ba dole bane, kuma gaskiya raina baya so inga mutum ya kashe kuɗi ya sayo kwat ɗin da bai taɓa sawa ba, wacce bata ma zauna a jikinsa ba, alhali ga shaddarsa mai aiki nan a ninke a gida. P&O Cruises na Ingila a cikin ƙa'idarsu ta daren baƙar kwat sun ambata ƙarara cewa kayan gargajiya na ƙasar mutum, na alfarma, sun halatta, haka kakin soja na biki. Shiyasa a irin waɗannan dararen zakaga ɗan Sikotland da siket ɗinsu na gargajiya, kaga 'yar Indiya da sari, babu mai ce musu komai sai ma yabawa da neman hoto. Toh babbar riga da 'yar ciki da wando da hula zanna bukar mai kyau da takalmi sau ciki, wallahi babu abinda kwat zata nuna mata. Kaftani mai aikin hannu shima ya isar a yawancin jirage. Ke kuma 'yar uwa leshinki ko atamfa mai ɗinki na fita biki, ko abaya mai duwatsu da mayafi, kin gama, ba sai kin takura kanki da rigar da zata buɗe miki kafaɗa ko baya ba, babu wani kamfani da yake cewa sai an buɗe jiki. Abinda ake nema shine kayan su nuna cewa an shirya domin wannan daren, jallabiyar zaman gida da silifas ba zasu wuce ba koda kace kayan gargajiya ne.

Maganar hula kuma, abinda dokokin nasu suke nufi shine hular hana sallah, ita ce ake cewa a cire a babban ɗakin cin abinci da dare. Hularmu ɓangaren kaya ce, hijabi da ɗankwali suma haka. In kanada shakka ranar farko da rana ka je wajen shugaban masu hidimar ɗakin abincin ka nuna masa abinda zaka sa, aikinsa kenan, a minti biyu an gama maganar.

Amma akwai wata matsala da ta fi damun masu shadda fiye da masu kwat, kuma mutane da yawa basu santa ba sai sun isa tashar jirgi. Ba'a shiga da dutsen guga. Kusan duk manyan kamfanonin nan sun hana ayan a ɗaki, da yawansu har da na'urar nan mai tururi, saboda babu abinda ake tsoro a teku kamar gobara, in aka ganshi a akwatinka a wajen sikanin za'a riƙe sai ranar sauka a baka. Toh kaga babbar rigar da tasha bugu in aka cusata a akwati ta kwana biyu a hanya yadda zata fito. Wasu jiragen kamar na Cunard da Princess da Disney sunada ɗakin wanki na fasinja da teburin guga a ciki, ka je kayi da kanka, amma ka je da wuri domin ranar gala da yamma layi ake yi. Royal Caribbean kuma basuda irin wannan ɗakin, sai dai ka bada a goge maka ka biya, kuma shadda ba kowane mai guga ne ya san hannunta ba. Shawarata ka bar kayan a ninkin da mai bugu ya baka, ka sa su cikin leda a saman akwati ba a ƙasa ba, kana isa ɗaki ka ciro ka rataye. In za'a goge maka ka bada tun ana gobe, kayi musu bayani kar su wanke, guga kawai.

Abubuwan da zasu sa a maida mutum daga ƙofa da dare kusan iri ɗaya ne ko ina, kayan ninƙaya, singileti ga maza, gajeren wandon motsa jiki, silifas ɗin wanka, ƙafa ba takalmi. Ko a bufe da rana inda aka fi sakin jiki, in ka fito daga wajen ninƙaya sai ka ɗora riga ka sa takalmi, ba'a shiga jiki na ɗigar ruwa. Yara kuma ana musu sassauci, kaya masu tsafta sun isa.

Sai ladabin tebur, wanda a wajena yafi kayan ma muhimmanci. Jirage da yawa sunada zama biyu na abincin dare, na farko wajen ƙarfe 6, na biyu wajen 8 ko 8 da rabi, kuma za'a iya haɗaka tebur ɗaya da mutanen da baka sani ba har ƙarshen tafiya, da mai hidima guda. In ka makara rabin awa ba kanka kaɗai ka ɓatawa ba, mutanen teburin suna zaune suna jiranka, mai hidimar kuma yanada wasu tebura da wani zaman a bayanku, kuma mutanen nan watanni suke yi a teku nesa da iyalansu suna aiki kullum ba hutun sati, bai kamata a ƙara musu wahala ba. In bazaka zo gobe ba faɗa masa yau. In kuma ka san lokacin zai ci karo da sallar magariba ko isha, tun wajen yankar tikiti ka zaɓi tsarin da ba'a ƙayyade lokaci ba, Royal Caribbean suna ce masa My Time Dining, Carnival kuma Your Time Dining.

A bufe wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa komai, wannan ba wasa bane, akwai ƙwayar cutar norobairos mai sa amai da gudawa da take yaɗuwa da sauri a wajen da mutane suka cunkushe, kuma man goge hannu baya kasheta kamar yadda ruwa da sabulu suke fitar da ita. Ka ɗebi abinci da cokalin da aka ajiye, duk komawa ka ɗauki sabon faranti. Mai babbar riga kuma ya naɗe hannun rigar a kafaɗa sosai kafin ya miƙa hannu, ko kuma ya bar babbar rigar sai daren da za'a kawo masa abinci har tebur.

Maganar halal, kar ka bari sai ka zauna a tebur. Ka rubutawa kamfanin makonni kafin tafiya, sannan ka maimaita wa mai hidimarka daren farko cewa ba naman alade ba giya, domin wasu miyoyin da kayan zaƙi da giya ake haɗasu ko da sunan bai nuna ba. Da yawa zasu kawo maka jerin abincin gobe tun yau ka zaɓa a dafa maka daban. Wanda kuma yakeso hankalinsa ya kwanta gaba ɗaya akwai Aroya na Saudiyya da ya fara tashi daga Jidda a watan Disamba 2024 yana zaga Bahar Maliya, ba'a sayar da giya a cikinsa, abincin halal ne, akwai wajen sallah.

Abu na ƙarshe, wannan ba a cikin jirgi bane a tudu ne, amma wajen haɗa akwati ake kuskurensa. In tafiyarka ta yankin Karibiyan ce kar ka ɗauki duk wani kaya mai zanen kakin soja, ko wando ko hula ko jaka, ko na yara ne. Ƙasashe irin Barbados da Jamaika da Trinidad da Tobago sun haramta wa farar hula sa shi, kamar dai yadda muka sani a Najeriya, kuma za'a iya ƙwace kayan ko aci mutum tara. Kafin ka rufe akwatin ka buɗe manhajar kamfanin jirginka ka duba dare nawa ne na ado da kalar da suka zaɓa, domin suna canza tsarin lokaci zuwa lokaci. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, ku huta lafiya.